Haƙoran da Nuriyya Ta Kankare

Nuriyya 'yar aji biyar ce a lekkol, wato makarantar unguwarsu, a garin Tamanrasset. Iyayenta mutanen Damagaram ne. Babanta, Malam Sha'ibu, yana da shagon atamfa da mayafai a kasuwa. Ita kuwa a nan aka haife ta, ita da ƙanenta Khamisu.

Yarinya ce mai ƙoƙari da tsabta. Rigarta ta lekkol mai ruwan hoda kullum a goge take. Littattafanta ba su da ko ɗigon miya. Abu ɗaya ne ba daidai ba a wurinta, haƙoranta biyu na gaba.

Tun da suka fito bayan ta yi famfara, da tabo suka fito. Tabon ruwan ƙasa ne, kamar an ɗiga musu shayi ya bushe. Ta goge da buroshi, ta goge da asuwaki, bai tafi ba. Da farko ba ta damu ba. Ai haƙora ne, suna gatsar burodi, suna tauna nama.

Wata rana ana hutun safe, wata akuya ta shigo tsakar lekkol. Ta fizge burodi daga hannun wani yaro, ta ruga da shi. Mai gadi ya bi ta da tsintsiya, takalminsa ɗaya ya cire. Yara suka yi ta dariya. Nuriyya ma ta buɗe baki tana ƙyalƙyalawa, har da hawaye.

Da ta juyo, sai ta ga Bilkis tana kallon ta. Bilkis sabuwa ce a ajin. Haƙoranta farare ne tas, a jere kamar ƙwayar shinkafa.

"Ke, goro kike ci?" in ji Bilkis.

"Wane irin goro?"

"Ga shi nan a bakinki. Haka na kakata yake." Ta juya wurin sauran 'yan mata. "Ku zo ku ga Kaka Mai Goro."

Suka zo, suka leƙa. Nuriyya ta rufe baki da hannu, amma sun riga sun gani.

Kafin a tashi, sunan ya zagaye aji. Ba a daɗe ba ya zagaye lekkol. Har 'ya'yan Larabawa da na Abzinawa, waɗanda ba su jin Hausa, sun iya faɗin sa. "Maigoro, Maigoro," suke cewa in ta wuce. Ba su ma san ma'anarsa ba.

Nuriyya ta daina dariya. Ta daina ɗaga hannu a aji. In an fita hutu, sai ta je gindin bango ta zauna ita kaɗai. In Malama ta yi mata tambaya, ta amsa da baki a tsuke, ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ba na jin ki," Malama kan ce. Daga baya ta gaji, ta riƙa tambayar wasu.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Wata yamma maƙwabciyarsu Hajjo ta shigo hira wurin Inna. Nuriyya ta kawo mata ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta. Hajjo ta kama haɓarta, ta ɗaga fuskarta wajen haske.

"Buɗe bakinki in gani."

Ta buɗe.

"Ladidi, ki riƙa lura da bakin yarinyar nan," in ji Hajjo. "Ni na san ki da tsabta. Amma wanda bai san ki ba cewa zai yi a gida ta koyi ƙazanta."

Inna ta yi murmushin dole. Da Hajjo ta fita, murmushin ya ɓace.

"Kin ji abin da kika ja mini?"

"Inna, wallahi ina gogewa. Safe da yamma."

"Da kina gogewa da kyau da ya fita. A shafa buroshi sama-sama, a tofar, a ruga waje. Ai na san halinku."

"Inna, tun da suka fito haka suke. A lekkol ma..."

"Kar ki yi mini musu. Je ki ɗauko mini butar shayin babanku."

Butar ta yi baƙi ƙirin a ciki. Inna ta yanka lemun tsami, ta dangwala shi cikin toka, ta shiga gogewa. Nuriyya na tsugune tana kallo. Tabon shayi ya riƙa fita. Ba a jima ba buta ta yi ƙal, har ana ganin fuska a jikinta.

"Kin gani?" in ji Inna. "Ba dattin da ba ya fita in mutum ya sa ƙarfi."

Inna ta faɗa ta manta. Nuriyya kuwa ta ɗauki maganar ta ajiye.

Washegari da rana, Inna ta kwanta ta ɗan huta. Nuriyya ta ɗauki ɓarin lemun tsami, ta ɗebi toka a murfin kwalba. Ta zagaya bayan gida, inda ake shanya. Ta jingina ɗan madubinta a bango, ta fara gogewa.

Tsami ya ratsa ta har tsakar kai. Haƙoran suka mutu, yawu ya cika mata baki. Ta daure. Da ta kuskure ta duba madubi, sai ta ga kamar tabon ya yi haske. Murna ta kama ta.

Ta ci gaba kullum. Amma tabon na nan inda yake. In haƙoran sun bushe sai ya yi haske. In ta sha ruwa sai ya dawo.

Kusa da gidansu ana wani gini. Masu fenti suna goge bangon da wata takarda mai kaushi kamar yashi, kafin su shafa fenti. Nuriyya ta tsaya ta ga yadda bango mai tabo ke komawa sumul. Da ma'aikatan suka tafi sallar azahar, ta tsinci guntun takardar da suka yar. Ta ɓoye shi a jakarta.

Ranar da ta fara gogawa da shi, ta ji ƙarar har cikin kunnenta. Wani farin gari ya fito a jikin takardar. Ta ce a ranta, ga dattin nan ya fara fita.

Daga nan zogi ya soma. In ta sha ruwan sanyi, sai ta ji kamar an soka mata allura. In ta sha shayi ma haka. Ta koyi shan abu ta gefen baki. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta tuna yadda magani ke yin zafi in an zuba shi a kan rauni. Ta ɗauka wannan zafin ma alama ce ta aiki.

A wannan lokacin ne sababbin haƙoran Khamisu suka fito. Shi yana aji biyu. Ya daɗe yana yawo da giɓi, don haka murna ta cika shi. Duk wanda ya gani sai ya washe masa baki.

"Yaya, duba. Manya ne, irin na Baba."

Nuriyya ta duba. A jikin ɗaya akwai ɗan tabo, fari mai ratsin rawaya, kamar ƙwayar gero.

"Sun yi kyau," ta ce.

Ba ita kaɗai ta gani ba. Rannan da aka tashi, Khamisu ya rugo wurinta a ƙofar lekkol yana dariya. Bilkis na tsaye kusa. Ta sunkuya ta dubi bakinsa.

"Ashe abin na gida ne," ta ce. "Ga Kaka, ga kuma ɗan jikanta."

Khamisu bai gane ba. Ya taya su dariya. Wannan dariyar tasa ta fi komai ƙona wa Nuriyya rai. Ta ja hannunsa suka wuce.

Tana tafe tana tunani. Ita ta san abin da ke jiran sa. Za a sa masa suna, a nuna shi da yatsa, ya koma gindin bango shi ma. Amma nasa tabon ƙarami ne. In aka yi sauri, zai fita tun bai yi girma ba.

Da Inna ta kwanta, ta kira shi bayan gida.

"Buɗe bakinka. Zan wanke maka haƙori."

"Ai na wanke da safe."

"Wannan wanki ne na manya."

Ya ji daɗi da aka ce na manya. Ya buɗe baki, ya rufe ido. Lemun ya sa ya yamutsa fuska. Da takardar ta taɓa haƙorin, ya ja da baya.

"Yaya, da zafi."

"Daure. Yanzu zan gama."

Ta riƙe kansa a jikinta, ta ci gaba. Hawaye suka gangaro masa har kan yatsunta. Bai yi ihu ba, don ta ce kada ya tashi Inna. Da ta gama ta ba shi dabino.

"Kar ka gaya wa kowa. In ka faɗa, Inna za ta dake ni. Kana son a dake ni?"

"A'a."

"To, yi alkawari."

"Na yi."

Ba sau ɗaya ta yi masa ba.

Sanyi ya shigo. A Tamanrasset sanyin safiya ba ya wasa. Iska na gangarowa daga duwatsu, ruwan famfo ya koma kamar ƙanƙara. Khamisu ya daina shan shayi da madara. Ya daina gatsar burodi. In an zuba masa abinci, sai ya yi ta juya cokali, ya ce ya ƙoshi. A hanyar lekkol yana tafiya da wuyan rigarsa a kan baki.

"Me ke damun ka?" Inna ta tambaye shi wata safiya.

"Ba komai."

"Cikinka ne?"

"A'a."

"To, sha."

Ya kai kofi bakinsa, ya kurɓa. Nan take ya saki kofin. Shayi ya zube a kan tabarma, ya ɓata masa wandon lekkol. Inna dama ta gaji da wannan hali. Ta kai masa duka a baya, ta ƙara.

"Shagwaɓa ce kawai. Ba za ka tashi daga nan ba sai ka ci."

Khamisu na kuka ya ɗago ido. Ba Inna ya duba ba, yayarsa ya duba. Nuriyya ta sunkuyar da kai tana ɗaure takalmi. Da ta buɗe baki ta yi magana, da an daina dukansa. Ba ta yi ba.

Ranar ba su yi magana a hanya ba. Ita ta bi wannan gefen titi, shi ya bi wancan. Daga nan ba ta sake kiran sa bayan gida ba. Amma takardar na nan cikin jakarta, zogin kuma na nan a bakinsa.

Ana nan, wata safiya Malama ta ce a rufe littattafai. Likitar haƙori ta zo duba 'yan lekkol, kamar yadda ake yi lokaci-lokaci. Doguwar mace ce, Ba'abziniya, da farar riga a kan mayafinta. Ta ajiye kujera kusa da taga. Ta fito da 'yar fitila da wani ƙaramin madubi mai sanda.

Da aka ce a yi layi, Nuriyya ta ja da baya. Ta koma can ƙarshen layi.

Yara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Likita ta duba wannan ta ce ya koma wurin zamansa. Ta duba wancan ta ce ya tsaya gaban allo. Bilkis ta zauna, ta buɗe baki.

"Lafiya lau," in ji likita.

Bilkis ta koma bencinta tana taƙama.

Amma gaban allo ya yi ta cika. Zubair, wanda ya fi kowa ƙarfin murya wurin kiran "Maigoro", yana can. Nana Aisha, wadda kullum take dariya da hannu a baki, tana can. Ga 'ya'yan Larabawa, ga na Abzinawa, ga na Hausawa. Suka tsaya suna satar kallon juna.

"Kada ku ji tsoro," likita ta ce musu da Larabci. "Ba laifi kuka yi ba. Kowane haƙori yana da riga mai ƙarfi, mai sheƙi. A wasu yara, rigar ba ta gama yin ƙwari ba tun haƙorin yana cikin dasashi. Shi ya sa yake fitowa da tabo, fari ko rawaya ko ruwan ƙasa. Na wasu a gaba yake, kowa na gani. Na wasu can ciki yake, a kan haƙoran tauna. Ni dai ban taɓa shiga aji na rasa masu shi ba."

"Ba datti ba ne?" Malama ta tambaya.

"Ba datti ba ne. Ko an shekara ana wankewa ba ya fita."

Nuriyya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta dubi gaban allo. Duk waɗannan? Tun yaushe? Kowa ya yi shiru da nasa, aka bar ta ita kaɗai da suna.

Layi ya zo kanta. Ta zauna. Likita ta haska fitila, ta daɗe tana dubawa. Madubin ya ɗan taɓa haƙorin, Nuriyya ta zabura.

"Yaya sunanki?"

"Nuriyya Sha'ibu."

Sai likita ta juya harshe zuwa Hausa, irin ta mutanen Agadas. Ta rage murya.

"Nuriyya, da me aka goge haƙoran nan?"

"Da buroshi."

"Buroshi ba ya yin irin wannan zane." Ta ajiye madubin. "Ɗazu a aji biyu na ga wani yaro da zane irin wannan. Na tambaye shi, ya ce shi ya yi da kansa, da dutse. Na ce wa ya koya masa, ya ce ba kowa. Khamisu Sha'ibu. Ƙanenki ne?"

Nuriyya ta dubi likita. Ta gyaɗa kai. Sannan ta tashi ta je bencinta, ta buɗe jaka, ta ɗauko guntun takardar. Ta dawo ta miƙa wa likita. Duk aji na kallo.

"Ba shi ya yi ba," ta ce. "Ni ce. Ban so a sa masa suna ba."

"Wane suna?" in ji Malama.

Zubair ya dubi ƙasa. Can sai Nana Aisha ta faɗa, a hankali, ta kuma faɗi ma'anarsa.

Malama ta tambayi wanda ya fara, idanun yara suka koma kan Bilkis. Sannan ta kira Bilkis gaba.

"Ke kika fara?"

"Wasa ne, Malama."

"Kin ga inda wasan ya kai?"

Ta sa Bilkis ta ba da haƙuri. Bilkis ta ce "yi haƙuri" tana kallon taga. Nuriyya ta san ba daga zuciya ya fito ba. Abin bai ma dame ta ba. Hankalinta na aji biyu, wurin yaron da ya yi ƙarya don kada a dake ta.

Likita ta ce a kawo Nuriyya da Khamisu wurin aikinta tare da iyayensu. Washegari Baba bai buɗe shago ba. Suka shiga taksi tare da wasu fasinjoji. Khamisu ya lafe a jikin Inna, nesa da yayarsa.

Likita ta nuna wa iyayen takardar, ta yi musu bayanin tabon.

"Me ke kawo shi, likita?" Baba ya tambaya.

"Abubuwa da yawa, Malam. Wani lokaci zazzaɓi ne mai zafi tun yaro yana ƙarami. Wani lokaci ruwan sha ne na wasu wurare. Sau da yawa ma ba mu sani ba. Amma ba ƙazanta ba ce. Ba laifin uwa ba ne, ba na yaro ba ne."

Inna ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"To, abin da aka kankare fa? Zai dawo?"

"Ba ya dawowa. Gashi yana tsirowa, farce yana tsirowa, fata tana warkewa. Rigar haƙori kuwa sau ɗaya ake yin ta."

Ta ce na Khamisu da sauƙi. Za ta shafa masa magani mai ƙarfafa haƙori, zogin zai ragu a hankali. Amma wurin zai zauna da ɗan kwarmi. Na Nuriyya ya yi nisa. Gefen ɗaya ya yi siriri har ya fara gutsurewa. Za a liƙe su da wani farin abu mai tauri. Kuma za ta riƙa dawowa ana sabuntawa har ta girma.

"Da an kawo mini ita tun farko," in ji likita, "da aikin bai kai rabin wannan ba."

Nuriyya ta hau kujera. Ta ji ƙarar inji, ta ji ɗaci a bakinta. Ba ta yi kuka ba. Sai da aka zo kan Khamisu. Likita ta ce ya buɗe baki. Ya dubi hannunta na dama, ya dubi na hagu.

"Ba da takarda ba ko?" ya ce.

"Ba da takarda ba, ɗana. Da auduga ne."

Nan Nuriyya ta juya fuska wajen bango, ta yi kuka mai yawa.

Da suka koma gida, Baba ya zaunar da ita a tsakar gida. Ta yi zaton duka. Bai dake ta ba.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na gaya wa Inna. Ta ce datti ne."

Inna na tsaye bakin ƙofa. Ta matso ta zauna a kan tabarma.

"Gaskiya ta faɗa, Malam. Ta gaya mini, ban saurare ta ba. Maganar Hajjo na ji, ban ji ta 'yata ba." Ta jawo Khamisu jikinta. "Kai kuma na dake ka a kan ciwo. Ku yafe mini."

Nuriyya ba ta taɓa jin babba ya roƙi yaro gafara ba. Ta rasa inda za ta sa idonta.

"Amma ke ma kin yi kuskure," in ji Baba. "Innarki ba ta ji ba, ai ga ni, ga malamarku. Kin yi wa kanki magani ba ki tambayi wanda ya sani ba. Kin yi wa ƙanenki. Abin da ya fi ba ni haushi, kin ɗaure masa baki, kina zaune ana dukan sa."

"Na so in taimake shi ne, Baba."

"Na sani. Amma dubi bakinsa."

Ta juya wurin Khamisu ta ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe. Ya faɗa ne yana riƙe da zanen Inna.

Kwanaki suka wuce. Khamisu ya fara shan shayi in an bari ya huce. Ya koma cin burodi, kumatunsa suka dawo. Amma in Nuriyya ta miƙo hannu za ta gyara masa wuyan riga, sai ya kauce. In ta kira shi daga bayan gida don ya taya ta kwashe shanya, sai ya ce yana zuwa, kuma ba ya zuwa. Wannan ya fi mata zogin haƙori ciwo.

A lekkol sunan ya mutu a hankali. Bilkis ba ta canja ba. Sai dai yanzu in ta fara da wani, ba kowa ke taya ta dariya ba. Nana Aisha ta dawo zama kusa da Nuriyya. Tare suke zuwa wurin likita in ranar dubawa ta zo.

Sanyi ya wuce. Wata Juma'a da la'asar Nuriyya na zaune a inuwa tana tsince shinkafa. Khamisu ya zo ya tsaya nesa kaɗan. Ya daɗe yana zana ƙasa da yatsan ƙafa.

"Yaya."

"Na'am."

"Wannan yana girgiɗi."

Ya matso daf da ita. Ya buɗe baki sosai, ya taɓa wani ƙaramin haƙori na gefe da harshensa. Haƙorin ya yi gaba, ya yi baya.

"Cire mini. Issa na ajinmu ya ce wansa ne ya cire masa da zare."

Nuriyya ta dubi bakin da ya buɗe mata. Hannunta ya ɗago. Ta mayar da shi cikin shinkafa.

"A'a. Ni ba zan taɓa ba. Mu je mu nuna wa Inna. In ta ce a bari ya faɗi da kansa, mu bari. In ta ce likita, mu je likita."

"Za ki raka ni?"

"Zan raka ka."

"To, ki tare ni ta wannan gefen. Akwai ƙadangare a kan katanga. Issa ya ce in ƙadangare ya ga giɓi, haƙori ba ya fitowa."

"Ai bai ma fita ba tukuna. Wannan maganar ma sai mun tambayi likita."

Ta ajiye tire, ta miƙe. Ta koma gefen katanga ta tare shi. Khamisu ya kama hannunta da kansa, suka shiga wurin Inna.

Har yau in Nuriyya ta sha ruwan sanyi tana ɗan jin sa. Amma ta riƙe abin da ta koya. Tabon haƙori ba datti ba ne, yara da yawa suna da shi, kuma ba abin dariya ba ne. In wani abu ya dame ka a jikinka, ka gaya wa manya. In ba su ji ba, ka sake faɗa, ko ka gaya wa wani babba. Kada ka yi wa kanka ko waninka magani a ɓoye, domin akwai abin da in ya lalace ba ya dawowa.